Daga gona zuwa ganga: yadda gidan iyali ke yin jan giyar Rioja

Kalmomin Crianza, Reserva da Gran Reserva da ake gani a jikin kwalbar Rioja suna faɗin tsawon lokacin da giyar ta kwana ne, ba sa faɗin gonar da inabin ya fito. Yawancin manyan kamfanonin wannan yanki na arewacin Sifaniya sayen inabi suke yi daga manoma. Gidan da ke noma nasa shi ke yanke ranar girbi da kansa, kuma a ganina rabin ingancin giyar daga nan yake.

Gidan López de Heredia da ke garin Haro, wanda aka kafa a 1877, misali ne mai kyau. Har yau iyalin ne ke riƙe da shi, da gonakinsu kamar Viña Tondonia a bakin kogin Ebro. Babban irin inabinsu Tempranillo ne, sai Garnacha, da ɗan Graciano da Mazuelo don ƙarin tsami da launi. Kusan kowace kuringa a yankin mai aure ce da saiwar irin Amurka, wadda ke jure wa ƙwaron filoksera mai cin saiwa, tun da ƙwaron ya shigo a 1899.

Dokar Rioja ta ƙayyade kilo 6,500 na jan inabi a hekta ɗaya, da lita 70 daga kowane kilo 100. Mai neman shaidar Viñedo Singular, wadda aka ƙirƙiro a 2017 don gona guda, dole kuringarsa ta kai shekara 35, a tsinke da hannu, kuma kada inabin ya wuce kilo 5,000 a hekta. Girbi yana faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba. In an yi gaggawa, giya ta fito da ɗacin ɗanye. In an yi jinkiri, sukari ya yi yawa, tsami ya faɗi, ruwan sama kuma na iya jawo ruɓa.

A rumbu ana cire tsinkayen, a fasa 'ya'yan, a zuba su da ɓawonsu cikin babban mazubi, domin launi da ɓauri duk daga ɓawon suke. Yisti ya kama cin sukari yana mai da shi barasa, wato tsimuwa ta farko ke nan. Ɓawon kan taso ya yi tauri a sama, don haka kullum sai an jawo ruwan ƙasa an kwarara masa. In ya bushe, ƙwayoyin cutar da ke mai da giya ruwan tsami sun samu wurin zama. Zafi kuma ana son ya tsaya tsakanin digiri 25 da 30. Ya zarce sosai, yisti ya mutu, sukari ya yi saura a ciki, kuma tayar da irin wannan mazubin wahala ce babba.

Bayan an matse, akwai tsimuwa ta biyu mai tausasa tsamin. Sai ganga ta itacen oak mai cin lita 225. Crianza na buƙatar shekara 2, ɗaya a ganga. Reserva shekara 3, aƙalla ɗaya a ganga. Gran Reserva shekara 5, biyu daga ciki a ganga. Wannan mafi ƙaranci ne kawai: Tondonia Reserva kan yi shekara 6 a ganga.

A nan iska ce abokiyar gaba. Katako na shan giya, wata kuma ta tsere ta jikinsa, sai gibi ya buɗe a sama, dole a riƙa cikewa. Sau biyu a shekara ana juye giyar zuwa ganga mai tsabta a bar lakar da ta kwanta, a turara wa gangar hayaƙin farar wuta. Tsohuwar gangar da aka yi sakaci da wankinta kan ɓoye wani yisti, Brettanomyces, mai sa giya warin garken dabbobi, kuma fitar da shi daga cikin katako abu ne mai wuya. López de Heredia na da maƙeran ganga nasu a cikin gida, masu haɗa sababbi da gyara tsofaffi.

Kafin a ɗura a kwalba, gidajen gargajiya na kaɗa farin ɗanyen ƙwai su zuba, ya kama ƙurar da ke yawo da ɓaurin da ya yi kaifi, ya nutse da su ƙasan ganga.