Abin da Jigawar Daura da Kasuwa Suka Koya Mini

Ƙasar Daura jigawa ce, ruwan damina kuma da wuya ya wuce tsakanin watan Yuni da Satumba, saboda haka wanda ya ƙudura yin noma a nan ba tare da takin zamani ko maganin feshi na kanti ba, dole ne ya fara da ciyar da ƙasar kafin ya sa ran ta ciyar da shi. A ƙaramar gonata, aikin shekara yana farawa ne daga ramin taki tun da rani. Muna jera kashin awaki da toka da ɓawon gyaɗa, mu yayyafa ruwa, mu riƙa juyawa har zafinsa ya fita ya koma baƙi, domin ɗanyen taki yana ƙona shuka kuma yana shigo da irin ciyawa. Ban taɓa sare gawo ba, tunda yana zubar da ganyensa da damina, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kauri. Wake da nake shukawa tsakanin layukan gero yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƙuduji kuwa ya fi addabar gonar da ta gaji.

Ƙwari su ne jarrabawar lambu. Tun daga 2016, lokacin da tsutsar sharon ta cinye tumatirin Arewa, manoma da yawa suka ƙara dogara ga feshi, kuma ban ga laifinsu ba, domin jarinsu ke nan. Ni 'ya'yan bedi nake dakawa, in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa da yamma. Wannan ruwan ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci yake yi, shi ya sa sai an duba bayan ganye kowace safiya.

Darasin da ya fi mini nauyi a kasuwa na same shi. Dillali ba ya tambayar yadda aka noma tumatir, girman kwando da ja yake kallo, kuma farashi ɗaya zai ba ni da wanda ya yi feshi jiya. Wahalar da na sha ba ta da kuɗi a wurinsa. Tana da kuɗi ne a wurin uwargidan da ta lura cewa alayyahona yana kwana bai yi yaushi ba, da mai sayar da kwaɗon zogale da ke son ganye kullum. Ga su na karkata, ina kai musu har gida, ina kuma gayyatarsu su zo su ga gonar da idonsu.

Wake ne ya fi jawo mini amincewarsu. Kowa ya san ana zuba masa guba a ajiya, har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. Nawa a buhun PICS nake ɗaure shi, mai leda biyu a ciki, inda ƙwaro ke mutuwa don rashin iska. Yanzu kafin in yi shuka nakan zagaya gidajen nan in ji abin da kowa ke buƙata, in rubuta a littafi, sannan in raba fangalin lambu gwargwadon haka.