Abin da sauya hob ɗin rimok ya koya mini a garejin Damagaram

Duk mai Hilux ko Land Cruiser da ke jan ƙaramar rimok, wato tirela, daga Damagaram zuwa Tanut ko Gure, buƙatar da ke kawo shi garejinmu ɗaya ce: yana so tayar motarsa ta shiga ƙafar rimok, wato a sauya hob, ƙarfen da ake ɗaura wili a jikinsa. Kuma yana da gaskiya. Rimok ɗin da ake shigowa da su daga Turai yawanci wilinsu inci 13 ne ko 14. Idan irin wannan taya ta yage a hanyar Agadas, sai ka wahala kafin ka sami madadinta, alhali 7.50R16 ta Land Cruiser kusan kowane mai faci ya san ta. In ƙafafun duka iri ɗaya ne, safaya ɗaya ta ishi mota da abin da take ja. Ina ganin amfanin aikin sosai, shi ya sa nake jin zafin yadda ake yin sa da ka.

Abu na farko da maigidana ya cusa mini shi ne ƙirga ƙusoshi ba awo ba ne. Mutum zai zo ya ce, "Malam, tawa biyar ce, ta rimok ma biyar, ai sai ɗaurawa." Kama da wane ba ta wane. Abin da ake aunawa shi ne faɗin da'irar da ƙusoshin suke zaune a kai. Hilux mai ja da ƙafa huɗu ƙusa shida gare ta a kan milimita 139.7, haka ma Land Cruiser 80. Land Cruiser 100 da ta fito a 1998 ta koma biyar a kan milimita 150, 78 da 79 suka bi sahu daga 1999. Rimok ɗin Turai mai ƙusa biyar kuwa sau da yawa 112 ce. Auna mai huɗu ko shida ba wuya, daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar wadda ke fuskantarta. Mai biyar ba ta da abokiyar fuskanta, sai ka auna tsakanin biyu da ke maƙwabtaka ka ninka da 1.7. In ka ga milimita 88, to 150 ce a gabanka.

Ko da'irar ta dace, da sauran aiki. Ramin tsakiyar wilin Hilux milimita 106 ne da ɗigo, in wuyan hob ya fi haka kauri wilin ba zai kwanta ba, zai tsaya a kan wuya yana rawa. Ƙusoshin Hilux milimita 12 ne, na Land Cruiser mai biyar 14. Nissan Patrol ma shida ce a kan 139.7, amma zaren ƙusarta ya fi na Toyota ƙanƙanta, duk wanda ya tilasta wa notin Toyota shiga can ya cinye zaren. Wilin ƙarfe noti mai tsinin baki yake so, wilin alminiyon Toyota kuma mai shimfiɗaɗɗen baki da zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa.

Amma darasin da ya fi zama mini shi ne, aikin daga hancin aksil yake farawa, wili shi ne na ƙarshe. Masu mota fuskar hob suke kallo, mu kuma cikinsa. A kwance, a wanke giris da gazuwal, a karanta lambar da ke jikin boris na ciki da na waje, a auna inda sil mai tare giris ke zama, a auna faɗin tambur, wato gangar birki, da zurfinsa. Sabon hob dole ya karɓi wannan boris ɗin, tamburinsa kuma ya rufe lainin birki daidai, ba rabi a ciki rabi a waje ba. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, domin aksil ɗin da aka ƙera don wili mai inci 13 siriri ne, babu hob mai ƙusa shida da zai hau shi. Idan mun aika Kano, Ƙofar Ruwa, ba ma cewa a kawo hob na Hilux. Lambobin boris muke rubutawa a takarda, in da hali a tafi da tsohon hob ɗin a buhu.

An taɓa kawo mana rimok mai tankin ruwa, irin wadda ake yawo da ita unguwanni lokacin da famfo ya ƙafe, kuma kowa ya san yadda ruwa ke yi wa garin nan. An riga an taɓa ta a wani wuri: an cike tsofaffin hujin tambur da walda, an huda sababbi shida da hannu. Maigida ya ɗaga ta a jak, ya kafa alli kusa da gefen wili, ya juya tayar. Allin ya taɓa gefe ɗaya ya bar ɗayan. Da muka kwance, sai ga siririn tsagi ya tashi daga wani huji ya nufi wuyan hob, ƙusa biyu kuma sun yi ƙyalli a gefe guda saboda su kaɗai ke ɗaukar kaya. Tambur ƙarfen zubi ne, zafin walda na sa shi tsagewa, kuma lita 1,000 ta ruwa tan guda ce, ban da nauyin tanki. Mai rimok ya ce, "Maigida, a ɗan ƙara mata walda mana, gobe da asuba zan tafi Magarya." Maigida ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba zai fita daga hannuna haka ba. Yara ke bin tankin nan da jarka." Ran Alhaji ya ɓaci a ranar, amma ya bar ta. Ban ce huda sabon huji haramun ba ne. In akwai nama a jikin hob, kuma mai injin sassaƙa ƙarfe ya raba da'irar da awo, yana yiwuwa. Da hannu da ido ne ba ya yiwuwa.

Sai birki, wanda kusan kowa ke mantawa. Tayar 155R13 tsayinta wajen santimita 58 ne, 7.50R16 kuwa wajen 80. Tambur bai canja ba, lainin bai canja ba, amma ƙasa ta yi nisa da aksil, don haka ƙarfin tsayawar da ke isa kwalta ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Rimok ɗin kuma ta ɗaga sama da wajen santimita 11. Galibin waɗannan rimok birkinsu a hancin da ke maƙale da mota yake: mota ta rage gudu, rimok ta turo, sandar cikin hancin ta ja waya, lainin ya kama. In hancin ya karkace saboda tsayin ya canja, sandar ba ta zamewa yadda ya kamata. Dole a gyara tsayin maƙalar mota, a duba ko tayar na gugar madigadi ko sifirin idan an yi lodi.

Saboda haka yanzu ra'ayina a fili yake. Ga rimok mai ɗaukar ruwa, siminti ko buhunan gero, sauya aksil gaba ɗaya da hob da birkinsa ya fi lallaɓa tsohon, ko da kuɗin ya fi yawa, kuma haka nake faɗa wa mai ita tun kafin a kwance noti ɗaya. Wanda ya yarda aka yi, muna ɗaure notin a giciye, mu ce in ya yi tafiyar kilomita 50 ya tsaya ya sake ɗaurewa, ya kuma ɗora hannu a kan hob. Ɗumi ba komai, amma in ya kasa riƙe hannunsa a wurin, boris ya matse ko lainin na guga, ya juyo gareji.