Ta ga ciki sai ta ajiye maganinta

Wata ƙawata ce ta sa nake wannan rubutun. Shekara uku kenan tana shan maganin kanjamau lafiyarta lau, ranar da aka ce mata tana da juna biyu sai kawai ta jefa robar maganin a durowa, wai kar ya taɓa mata ɗa. Sai da ta yi sati biyu ba ta sha ba sannan ta gaya min. Wallahi cikina sai da ya ɗuri ruwa.

Ban ga laifin tsoronta ba, wace uwa ce ba za ta ji haka ba? Amma abin da take gudu bai kai wanda ta tunkara ba. In uwa ba ta shan komai, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 su kamu, ko a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, in kuwa tana sha a kan ƙa'ida abin yakan dawo ƙasa da 5. Tun 1994 aka fara gane cewa magani yana rage wannan haɗarin, da wani maganin kanjamau mai suna AZT.

Ashe labarin wani maganin kanjamau mai suna dolutegravir ta ji, kuma shi take sha. Gaskiya ne a 2018 wani bincike a Botswana ya ɗaga hankalin duniya, an ga kamar matan da suka ɗauki ciki suna shansa sun fi haifar yara masu matsalar laka da ƙwaƙwalwa, to amma da aka ci gaba da bin haihuwa dubbai sai bambancin ya yi ta raguwa, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa har da masu ciki. Rabin farko na labarin ya yaɗu, na biyun bai iso kunnenta ba, abin da ya fi ci min rai kenan.

Ba wai na ce duk maganin ƙwayar cuta lafiya lau yake ba fa. Ribavirin, wani maganin ciwon hanta nau'in C, yana nakasa ɗan tayi, ko miji ne ya sha ana cewa a dakata da neman ciki na wasu watanni. Tenofovir kuma da gangan ake ba mai ciwon hanta nau'in B daga sati 28 in ƙwayar ta yi mata yawa a jini, don kar ta wuce ga jariri.

Washegari ni na raka ta awo. Likita ta mayar da ita kan maganinta a ranar, ta haɗa mata da folik asid, ta ce ta dawo a auna jininta. Yanzu kullum da dare sai na kira ta na tambaya ko ta sha.