Mako na Shida: Bakin Gizo Ya Fara Bin Waƙa

'Yan uwana masu koyon ɗinkin 'yar tsanar da ake sa wa hannu, yau mako shida ke nan da na fara aikin tawa 'yar tsanar, Gizo, kuma sai a cikin wannan makon ne bakinsa ya fara tafiya daidai da waƙa.

Abin da ya jawo ni cikin wannan sana'a tsohon bege ne. Muna yara a Gwammaja, a shekarun 1980, da an idar da sallar la'asar mukan cika tsakar gidan maƙwabcinmu, domin a lokacin NTA ba ta buɗe tasha sai ƙarfe huɗu na yamma, kuma shi kaɗai ke da talabijin a layinmu. Shirin da muke jira shi ne Sesame Street, wanda aka fara a Amurka a 1969. Ba ma jin Turanci, amma waƙoƙin ƙirga suna zama a kanmu har mu kwanta barci. Talabijin ɗin baƙi da fari ne, saboda haka sai da na girma na san cewa Kermit, 'yar tsanar kwaɗon nan ta cikin shirin, kore ne. Da na karanta cewa Jim Henson ya ɗinka na farkonsa a 1955 da tsohon kwat ɗin mahaifiyarsa, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu, washegari na nufi 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai na sayo rigar sanyi mai laushi.

Kan Gizo na soson katifa ne mai kaurin rabin inci, na haɗa shi da gam irin na masu takalmi. Da farko kwali na sa a cikin bakin, amma gumin hannu ya jiƙa shi cikin kwana uku ya lanƙwashe, sai na yanko murfin tsohon bokitin roba na maye gurbinsa. Ina ba ku shawara ku fara da roba tun farko.

Wahalar gaske tana wajen motsa baki. Kuskurena shi ne ɗaga yatsu huɗun da ke sama, wanda ke sa kan ya riƙa wurgawa baya, idanu su bar mai kallo su koma rufin ɗaki. Daidai shi ne a tsayar da yatsun sama, a riƙa saukar da babban yatsa, kamar yadda haɓar mutum ce ke sauka idan yana magana. Ana buɗe baki sau ɗaya a kowace gaɓa, kuma a nan na lura da abin da ya shafi harshenmu: idan ba a bar bakin a buɗe ya ɗan jima a kan dogon wasali ba, waƙar Hausa takan fito kamar ana sara ta da wuƙa. Da waƙoƙin gaɗa nake gwaji, domin amshinsu gajere ne, yana ba hannu damar hutawa. Tsamin bakin da aka san Gizo da shi a tatsuniya kuwa na bar wa murya, ban nemi hannu ya kwaikwaye shi ba.

Masu wannan aiki a gidan talabijin suna ɗaga hannu sama da kansu suna duban allo a ƙasa, don haka nakan jingina wayata a kan kujera in ɗauki kaina a bidiyo. A makon farko kafaɗata ba ta jure minti biyu, yanzu ina kai biyar. Baƙin idon ma na matso da shi ciki kaɗan, nan take Gizo ya fara kallon mutum.

Saura hannuwa, waɗanda zan ɗaura wa ƙarafan tsohuwar lema. Wani ƙanena mai kaɗa kalangu ya yi alkawarin zuwa ranar Asabar, mu gwada waƙa ɗaya a gaban yaran gidanmu.