Masu Shafa A-kori-kura da Masu Tafiya da Makullinta

A shekaruna na farko cikin sana'ar sayar da motoci, mutum yana shigowa filinmu nake auna shi da shekarunsa tun bai buɗe baki ba. Mai furfura sai in nufi wajen ƙananan motoci masu laushin kujera da shi. Saurayi mai jini a jika kuwa in ja shi wajen a-kori-kura. Haka na tarar na gaba da ni suna yi, ni ma na bi sahu. Sai da ciniki da dama ya suɓuce mini, na kuma sayar wa wasu motar da ba ta dace da rayuwarsu ba, sannan na fara lura da wanda yake zagaya a-kori-kura yana shafa ta, da wanda yake komawa gida da makullinta. Sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Wadda nake magana a kanta ita ce matsakaiciya, irin su Toyota Hilux da Ford Ranger da Isuzu D-Max da Mitsubishi L200 da Nissan Navara, da takwarorinsu na kasuwar Amurka kamar Tacoma da Chevrolet Colorado. Mai ƙofa huɗu a cikinsu tsawonta ya ɗan haura mita 5, tana ɗaukar kaya kusan tan 1 a bayanta, kuma masu injin dizal da yawa an ba su izinin jan tirela mai nauyin kilo 3,500. Ba ta kai gandama-gandaman nan irin Ford F-150 ba, amma ta fi ƙarfin a kira ta ƙaramar mota.

'Yan shekara 20 zuwa 30 su ne suka fi kowa nuna mata ƙauna a fili. Saurayi zai tsuguna ya duba tayoyi, ya auna tsayinta daga ƙasa da hannu, ya hau ya riƙe sitiyari yana kallon sauran motoci ta sama. Tun da Ford ya fito da Ranger Raptor a 2018, da wuya mako ya wuce wani bai tambaye ni ita ba. Amma idan aka zo lissafi jiki yakan yi sanyi. Kuɗin motar kansa nauyi ne, kamfanonin inshora sukan tsawwala wa direba mai ƙananan shekaru, tayoyinta manya ne masu tsada, tankinta kuma ba ya cika da ɗan canji. Sai ya ce to a nemo masa ta hannu. Nan ma akwai tarko, domin sunan da Hilux ta yi na juriya tun fitowarta a 1968 shi ne ya sa tsohuwarta ba ta faɗuwa warwas a kasuwa. Abin da ya jawo shi wajenta shi ne ya tsare masa hanya.

Akwai matasan da ban haɗa da waɗannan ba, wato masu sana'ar hannu: kafinta, mai walda, mai aikin famfo, mai kafa sola. Su ba sa shafa fenti. Tef suke fitarwa su auna bodi, su tambayi nauyin da take ɗauka, kuma galibi mai ƙofa biyu suke zaɓa saboda bayanta ya fi tsawo. Ciniki da su ba ya ɗaukar lokaci, don motar ce za ta biya kuɗin kanta.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai da wani saurayi na yi shi, ɗan shekara 26 ko kusa da haka, ma'aikacin ofis. Ya tara kuɗinsa da wahala, ya zo yana son mai ƙofa huɗu mai injin dizal. Na ga hasken idonsa, na ga la'adata, ban tambaye shi komai ba. Bayan 'yan watanni ya dawo da fitilar gargaɗi a kunne gaban sitiyari. Ashe tafiyarsa duka daga gida zuwa ofis ce, 'yan kilomitoci cikin cunkoso. Injinan dizal na zamani suna da wata matata a cikin salansa da ke kama baƙin hayaƙi, kuma sai mota ta yi doguwar tafiya ta ɗau zafi sosai take ƙone abin da ta tara. Motarsa ba ta taɓa samun wannan zafin ba, matatar ta toshe. Ya kuma gaya mini cewa ranar da aka yi ruwa bayanta ya zame masa a kwana. Wannan ma na san dalilinsa: tayoyin baya ne ke tura ta, kuma idan bodi babu kaya nauyin da zai danne su ƙasa ya yi kaɗan. Bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yallaɓai, ai da ka faɗa mini." Na taimaka masa ya sayar da ita, ya yi asara, kuma na san rabin asarar nan a wuyana take.

Waɗanda suka fi sa hannu a takardar ciniki, a abin da na gani da idona, su ne 'yan shekara 35 zuwa 50. Kuɗi ya fara zama a hannu, ga iyali, ga aiki ko wata harka ta gefe da ke buƙatar ɗaukar kaya. Mai ƙofa huɗu ce ta buɗe wannan kasuwar, domin ta yi wa magidanci alkawarin mota ɗaya da za ta kai yara makaranta da safe ta ɗauko siminti da rana. Tana cika alkawarin, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana kujerar baya. Jinginarta a miƙe take saboda bangon bodi yana bayanta, ba inda za ta kwanta. Ƙarƙashinta kuma sifirin ne mai falle-fallen ƙarfe da aka yi don ɗaukar tan guda, shi ya sa idan ba kaya motar takan riƙa tsalle a kan gargada, na baya su fi kowa shan jijjiga. Maigida yana gaba yana jin daɗin tuƙi, bai san me ake ciki a baya ba.

Tun abin da ya faru da saurayin nan na kafa wa kaina doka: duk magidancin da zai sayi mai ƙofa huɗu don iyali, sai ya zo da iyalin an yi zagayen gwaji da su, shi kuma ya zauna a baya na minti 10. Wani mai 'ya'ya 3 ya ji haushin wannan sharaɗi nawa, amma ya zo da su. Uwargidansa ce ta tambaye ni abin da shi bai yi tunani ba: "Malam, idan muka yi tafiya, jakunkunanmu ina za su zauna in ruwa ya sauko?" Bodin mai ƙofa huɗu galibi tsawonsa kusan mita 1 da rabi ne, a buɗe yake ga ruwa da ƙura da hannun ɓarawo, sai an sayi murfi ko an ɗaura tampol. Ranar jif suka saya. Wasu kuma sun yi gwajin nan suka ce sun ji sun gani, suka ɗauki a-kori-kurarsu, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi da-na-sani ba.

Kamfanonin ma sun san wannan mai sayen ne ke riƙe da kasuwar, kuma sun yi ta zawarcinsa. Nissan ya sa wa wasu nau'o'in Navara mai ƙofa huɗu sifirin mai murɗe a baya don ta yi laushi. Honda ya gina Ridgeline a kan tsarin ƙaramar mota, ba gangar mota a kan shasi ba, har da akwati mai makulli a ƙarƙashin bodin. Mercedes ya shigo da X-Class a 2017, wadda aka gina a kan Navara, ya daina ƙera ta a 2020. A ganina sun wuce gona da iri ne. Magidancin nan yana son jin daɗi, amma ba ya son motar da zai ji tsoron jefa wa buhu a baya.

Sai dattawa, waɗanda na fi jahilta a da. Wata rana wani tsoho da ya yi ritaya, mai shekara 68, ya zo tare da ɗansa. Na tarbe su na nufi wajen ƙananan motoci, ina ta yabon laushin kujera. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa ƙoƙarin fita daga irin wannan motar da ciwon gwiwa?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, faɗawa ake yi a cikinta, a fito da rarrafe." Ya taka zuwa wata a-kori-kura, ya buɗe ƙofa, ya kama mariƙin da ke jikin ginshiƙin gilashi, ya juya ƙugunsa ya zauna. Da zai sauka, ƙafafu kawai ya zuro ƙasa ya miƙe. Ban taɓa kallon kujerar mota ta wannan fuskar ba, ni da nake sayar da su kullum.

Daga ranar na fara sauraron masu shekara 55 zuwa sama da kunnen basira, na gane dalilansu sun fi na kowa nauyi. Yara sun tashi, don haka matsin kujerar baya bai dame su ba, jikoki ne ke hawa jefi-jefi. Lokaci ya samu na lambu, ko kiwo, ko gyare-gyaren gida da aka daɗe ana ɗagawa, kuma duk waɗannan kaya ne masu datti da mutum ba zai so a cikin mota ba. Tsayin kujera yana ba su ganin hanya da nisa. Da yawansu da kuɗinsu a hannu suke zuwa, ba sa neman bashi, kuma tambayarsu ta farko ba ta wuce shekara nawa motar za ta yi ba ta ga bakanike ba sai don juyen mai. Wani ya taɓa ce mini motarsa ta ƙarshe yake saye, ya faɗe shi hankali kwance.

Akwai kuma waɗanda suka sauko daga manyan a-kori-kura, suka gaji da neman wurin fakin da shan man da ba su da aikin yi da shi. A Amurka, Ford ya daina ƙera Ranger ta can a 2011 da tunanin masu sayenta za su koma F-150. Toyota bai janye Tacoma ba, wadda ya fito da ita tun 1995, ta ci gaba da jan ragamar wannan rukuni. Chevrolet ya dawo da Colorado a samfurin 2015, Ford ma ya dawo da Ranger a na 2019. Ashe akwai mutane da yawa da matsakaiciyar suke so don kanta, ba don babbar ta gagare su ba.

Sai dai tsayin nan wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗa. Nau'in da ke ja da ƙafa huɗu ya fi tsayi, wani ma sai da matakala a gefe ake hawa. Tsohon da gwiwarsa ta gode wa kujera, kafaɗarsa na iya kuka ranar da zai ɗaga buhu zuwa bakin bodi, ko ya rufe ƙofar bodin mai nauyi. Wuya ma ba ya juyawa kamar da, kuma mota mai mita 5 da ɗoriya ba a yi mata ribas da ƙiyasi. Shi ya sa nake nace musu a kan mai sauya giya da kanta, mai kyamarar baya, mai mariƙi a kowace ƙofa, kuma in babu daji ko laka a harkarsu, su bar mai ƙafa huɗu su ɗauki wadda ta fi kusa da ƙasa. Idan shekaru suka haura 75 nakan ga sha'awar ta fara ja da baya, wasu su dawo da ita su karɓi ƙaramar jif. Ba duka ba, amma yana faruwa.

Wani abin da lissafin shekaru yake ɓoyewa shi ne mata. Na sayar wa mata masu gona da masu harkar rarraba kaya, daga 'yar shekara 30 har mai jikoki, kuma su ne suka fi kowa yi mini tambayoyi masu ma'ana, musamman kan yadda ake ganin gefen hanya daga kujerar direba da faɗin da take ci idan za ta juya.

Yanzu idan mutum ya tsaya gaban a-kori-kura, tambaya 3 nake masa kafin mu yi maganar kuɗi. Me ka ɗauka a mota cikin watan da ya wuce? Wa zai zauna a baya, kuma sau nawa a mako? Tafiyarka ta kullum kilomita nawa ce? Saurayin da ya ce katako da injin walda yake ɗauka, na san ciniki ya faɗa. Mai shekara 45 da ya yi shiru yana tunani kan tambayar farko, nakan ce ya je gida ya kwana da maganar.

Tsohon nan mai ciwon gwiwa ya sayi motar a ranar. Bayan shekara 4 ya biyo ta wajenmu don a duba masa ita, bodin duk ya sha ƙarce, ga ɓurɓushin ƙasa a kusurwoyi. Jikansa ne ya tuƙo shi, yaro ɗan shekara 19 da bai daɗe da karɓar lasisi ba. Muna gaisawa yaron ya ja ni gefe yana tambaya ko za a iya sa mata manyan tayoyi a ɗaga ta sama kaɗan. Kakan ya jiyo shi daga inda yake tsaye, ya ce, "Ka bar mini tsayinta yadda yake. Ranar da ta zama taka, ka ɗaga ta yadda kake so."