Sulke ɗinki ne kafin ya zama ƙira

Duk wanda ya ga rigar sulke a rataye a gidan tarihi, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne maƙeri da wuta da guduma. Suna da rabonsu kam, amma kaɗan ne. Tunda na shiga sahun masu kwaikwayon yaƙin zamanin da a nan Ingila na gane cewa rigar da za ta amfani mutum a fili aikin tela ce, sai dai allurarsa awartaki, zarensa waya. Ƙarfe mai kyau da aka haɗa ba bisa awon jiki ba kaya ne kawai ka ɗora wa kanka.

Ƙungiyar da nake ciki ta ƙarni na 11 ce, zamanin Normawa da Saksonawa. Babban taron masu irin namu shi ne na garin Battle a kudancin ƙasar, inda ake sake buga yaƙin Hastings duk watan Oktoba a kan filin da William na Normandi ya kayar da Sarki Harold ran 14 ga Oktoba, 1066. A ranakun aiki mutanenmu direbobin bas ne da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, ran Asabar kuma ka gan su cikin laka suna ihu a bayan garkuwa. Takubbanmu na ƙarfe ne na gaske, amma dasassu, an kashe kaifin, an zagaye tsinin. Ana koya maka ka janye hannu kafin saran ya sauka da ƙarfinsa, kuma ba a kai hari fuska. Duk da haka ƙarfe ƙarfe ne.

Ga yadda zobe ɗaya ke samuwa. Za ka sami waya ta baƙin ƙarfe mai taushi, ka naɗe ta a jikin siririyar sanda mai kaurin milimita 8 ko 9 har ta zama doguwar murɗa. Sai ka yanka ta zobe-zobe, kana barin bakin kowanne ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Daga nan sai wuta: a gasa su har su yi jawur, a bar su su huce a hankali don ƙarfen ya saki. In ka tsoma su a ruwa saboda gaggawa, ba ka taimaki kanka ba. Kada kuma wani ya kuskura ya gasa wayar shinge da aka shafa wa tutiya, hayaƙinta na kwantar da mutum da zazzaɓi. Bayan sun huce sai ka ɗora kowanne a kan uwar maƙera ka daki mahaɗar ta baje. Sai huji. A nan ne ake rabuwa da masu gajen haƙuri, domin ba cire ƙarfe ake yi ba kamar yadda injin huda ke yi, tura shi ake yi gefe da tsinken ƙarfe mai tsini, ta yadda wani ɗan tudu zai taso a bayan ramin. Wannan tudun ne zai rungume ƙusar. Ƙusar kanta ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. In ta suɓuce ta faɗi ƙasan gareji, ka yi mata addu'a kawai ka ɗauki wata.

Kowane zobe yana ratsa huɗu, biyu a layin sama, biyu a na ƙasa, sannan a matse ƙusarsa da awartaki mai ɗan rami a baki. Cikakkiyar riga mai kaiwa gwiwa tana cin zobba dubu ashirin zuwa talatin, wani lokaci fiye, nauyinta kuma kilo 10 zuwa 15. Maƙeran Turai na farko suna da dabarar rage wahala: layi ɗaya na zobba masu ƙusa, layi na gaba na rufaffun zobba da aka ɓallo daga farantin ƙarfe, ba mahaɗa a jikinsu. Rabin aikin matse ƙusa ya tafi ke nan. Sai wajen ƙarni na 14 aka fi komawa ga rigar da kowane zobenta ke da ƙusa. Shi ya sa in ka zo filin Hastings da riga irin ta ƙarni na 15, tsofaffin ƙungiya za su murza ta tsakanin yatsu, su dube ka, ba sai sun ce komai ba.

Gaskiya yawancinmu ba ma yin riga tun daga waya. Akasarin sulke mai ƙusa da ke yawo a kasuwar nan daga Indiya ake kawo shi, ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, kuma a siffar bututu: jiki miƙaƙƙe, hannuwa miƙaƙƙu. Ba na raina masu yin sa, da ba don su ba da wannan wasa ya zama na masu kuɗi kaɗai. Amma abin da ke isowa yadi ne, ba riga ba. Aikin yana farawa ne ranar da ka ɗauki almakashin ƙarfe ka farke ta.

Hamata ce wurin da ake gane gwani. Layukan jiki suna tafiya ta wata fuska, na ƙarƙashin hannu su zo su tare su a gicciye, dole a yi musu wani haɗi na musamman. In aka bar wurin da yalwa, tarin ƙarfe zai dunƙule maka a hamata ya hana hannu sauka. In aka matse shi, da ka ɗaga takobi sama gaba ɗaya rigar za ta biyo ka, ƙasanta ya tashi, nauyinta duka ya koma kan damtse. A bayan kafaɗa kuma ana saka ƙarin zobba jefi-jefi, waɗanda ke ratsa uku maimakon huɗu, don rigar ta buɗe in ka miƙa hannu gaba da garkuwa. A ƙugu a rage, a ƙasa a sake buɗewa, a tsaga gaba da baya saboda mahayin doki. Hannun riga yana sirancewa zuwa wuyan hannu, domin zoben da ke lilo a can nesa da kafaɗa ya fi goma na ƙirji gajiyarwa.

Wani dattijo a ƙungiyarmu, tsohon mai gyaran tukunyar gas, shi ya fara nuna mini wannan. Ya sa ni na ɗaga hannuwa sama, ya zagaya bayana da alli yana zana layi a kan zobba, ya ce duk abin da ke tsakanin layukan nan biyu ƙarfe ne da na saya da kuɗina don ya wahalar da ni. Da muka cire shi, ya cika kofin shayi har ya zube. Sannan ya sa na ɗaura ɗamarar fata tamau a ƙugu, na ɗan jawo rigar sama ta zauna a kanta. Nan take kafaɗuna suka sami sa'ida, don ƙugu ya karɓi rabonsa.

Sulke yana hana yanka, amma ba ya hana duka. Wannan jiki magayi ne. Sara ya sauka maka a haƙarƙari, fata ba za ta tsage ba, amma da dare za ka ga sawun zobba a jere, jini ya kwanta a ƙarƙashinsu. Abin da ke shanye dukan shi ne rigar ciki, wadda ake ɗinkawa da yadin lilin ninki-ninki ko a cusa mata ulu ko auduga a bi ta da ɗinki layi-layi. Sababbin shiga kan zuba kuɗinsu a kwalkwali mai sheƙi da takobi, su sayi rigar ciki ta araha mai soson roba, wadda ke dafa mutum cikin zufarsa kuma ba ta tare komai. Ni dai da za a tambaye ni, a fara da rigar ciki da safar hannu mai kauri. Yatsu ne suka fi shan wuya a wasan nan, nesa ba kusa ba.

Gidan makamai na Royal Armouries da ke Leeds, wanda aka buɗe a 1996, yana da ma'aikata masu nuna faɗa cikin kayan ƙarfe. Da su aka yi wani gwaji da Jami'ar Leeds ta jagoranta, aka wallafa a 2011: aka sa musu cikakken sulken faranti irin na ƙarni na 15, mai nauyin kilo 30 zuwa 50, aka ɗora su a kan injin tafiya ana auna numfashinsu. Ƙarfin da suka ƙona ya ninka na tafiya ba kaya fiye da sau biyu, kuma ya wuce na wanda ya goya irin wannan nauyin a jaka. Dalili shi ne ƙarfen da ke ƙafafu, wanda dole ka ɗaga shi a kowane taku, da farantin ƙirji da ke hana huhu buɗewa yadda yake so. Duk wanda ya taɓa hawan tudun Battle da sulke a jiki bai buƙaci injin ba kafin ya yarda.

Ba duka masu wasan ke janye hannu irin namu ba. Akwai 'yan buhurt, waɗanda babbar gasarsu ta da, Battle of the Nations, ta fara a 2010 a ganuwar Khotyn ta Yukren. Su da iya ƙarfinsu suke sara da gatari da kulki, biyar da biyar ko fiye, ba a suka da tsini, kuma wanda ya kai ƙasa ya fita. Kayansu faranti ne mai kauri da aka ƙara wa tauri, kwalkwalinsu ya fi na mutanen da nauyi, domin mayaƙin da yana son ya ga gabansa ya kuma yi numfashi a yinin yaƙi, shi kuwa ɗan buhurt yana son ya je aiki ran Litinin da kansa lafiya. A Amurka kuma akwai ƙungiyar masu kwaikwayon zamanin da mai suna SCA, da aka kafa a Berkeley a 1966, masu faɗa da wata irin gora mai tauri marar rami a ciki, kuma wanda aka doka shi ke faɗa da bakinsa cewa dukan ya isa kisa. Kowane ɓangare na ganin sauran ba su san abin da suke yi ba. Ni ina sha'awar zuciyar 'yan buhurt, amma kokawa ce cikin ƙarfe, ba ta koya mini yadda aka yi yaƙin. Namu ma akwai ƙaryarsa. Kaburburan Visby a tsibirin Gotland, inda sojojin Sarki Valdemar na Denmak suka karkashe manoma a watan Yulin 1361, sun nuna saran da ya fi yawa a ƙasusuwa yana ƙafa ne, musamman ƙwauri, inda garkuwa da riga ba sa kaiwa. Ƙwaurin nan shi ne dokokin yawancin ƙungiyoyi irin tamu suka hana taɓawa.

Abokan wasana kan yi mamaki in na ce musu ni tun ina yaro nake ganin sulke a jikin mahaya, ba a bayan gilashi ba. Sai na nuna musu hoton 'yan sulke da 'yan lifida a Hawan Daushe, su yi ta matso da hoton suna ƙirga zobba. Tarihin sarautar Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Baturen nan Denham ma da ya isa Borno a 1823, mahayan Shehu Laminu sanye da sulke ne suka tarye shi. Lifidin da ake cusa wa audugar rimi a rufe doki da mahayinsa, hikima ɗaya ce da ta rigar cikin da nake ta magana a kai, an dai faɗaɗa ta har ta iya tsayawa da kanta.

Baffana yana cikin masu hawa a tawagar hakiminmu, kuma akwai tsohuwar riga a hannunsa da ya gada. Kwanaki na ce ya sa yara su ɗauko mini hotonta kusa-kusa. Ƙirjin da bayan zobba ne masu ƙusa, sirara, sun sha hannu har sun yi santsi. A hamata da wuya kuwa, inda ta ɓalle, an cike da waya mai kauri da aka lanƙwasa baki da baki, wani wurin ma da wayar lantarki.

Na ce, "Baffa, wa ya yi wannan gyaran?"

Ya ce, "Wani yaro ne mai walda a bakin kasuwa. Ai ka san ba yaƙi za mu ba, ɗana. Ta dai kai mu ƙofar fada ta dawo da mu."

Ba zan ce bai yi gaskiya ba, kuma ban ga laifin mai walda ba, abin da ya sani ya yi. Damuwata ita ce zoben da ba ƙusa yana buɗewa da nauyin rigar kaɗai, ba sai an sare shi ba, kuma in ya fita, maƙwabtansa huɗu na asali sun rasa mariƙi, su ma su bi shi a sukuwa ɗaya. Waya mai kauri kuma tana cin siraran da ke gefenta. Ga tsatsa, don ana ninke rigar a buhu daga sallah sai sallah. Maganin tsatsa ba shi da tsada: a zuba ta a durom da busasshen yashi a yi ta mirginawa, a kakkaɓe, a shafa mai kaɗan, a rataye a sanda inda iska ke ratsawa.

Na gaya masa in Allah ya kai mu hutun bana zan zo da awartakina da zobba mu rufe hamatar yadda ya kamata, ba tare da an taɓa na asali ko ɗaya ba. Ya yi dariya ya ce ashe boko bai raba ni da maƙera ba. Abin da ya rage shi ne awo: ina jiran yaran su ɗora rula a kan rigar su sake ɗauko hoton, domin zobban nata sun fi nawa ƙanƙanta, kuma sai na san faɗinsu da kaurin wayar kafin in zaɓi sandar naɗi.