Godiya ga mutanen filin kurket da suka tsaya mana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na nan Ostireliya.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka rufe kakar wasan kurket ta bana a ɗan ƙaramin kulob ɗin unguwarmu da ke kudancin Sidni, kuma yarona yana cikin waɗanda aka kira gaban jama'a aka ba hular kulob. Wata huɗu baya yaron nan yana kwance a gadon asibiti da karyayyen muƙamuƙi, an ɗaure masa haƙora da waya, ko "Baba" ba ya iya furtawa. Godiya ta farko ta Allah ce da Ya tashi kafaɗarsa. Ɗan fari ne, don haka ku yi mini uzuri ba zan kama sunansa ba, waɗanda suka san gidanmu sun san shi.

Abin ya faru ne a ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da zafi ya fara kankama a nan. Yana riƙe da sandar dukan ƙwallo, wani dogon yaro na ɗaya ƙungiyar ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo, ta daki ƙasa ta taso masa wajen fuska. Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, ƙwallon kurket da fata ake ɗinke ta a kan ƙulli mai tauri, nauyinta kamar giram 156, taurinta kuwa bai da maraba da dutse. Ya kau da kai, ta goge makarin wuyan da ke bayan hular kwanonsa, ta zame ta shige ta ƙarƙashin ragar ƙarfen ta same shi a haɓa. Ina zaune a inuwar bishiya can bakin fili na ji ƙarar. Ya zube. Filin nan kaf ya yi tsit, kuma daga baya na gane dalilin irin wannan shirun: suna ɗaya ne ya faɗo wa kowa a rai. Phillip Hughes, ɗan ƙauyen Macksville da ya zo Sidni ya yi wasa a kulob ɗin Western Suburbs har ya kai ga buga wa ƙasa, ƙwallo ce ta same shi a wuya a babban filin Sidni ranar 25 ga Nuwamba, 2014, yana da maki 63, ya cika bayan kwana biyu yana ɗan shekara 25. Bayan rasuwarsa ne aka fara ƙera makarin wuyan nan.

To, godiyata ta fara daga baiwar Allah da ke kula da kayan wasan kulob. Yarona ya sha cewa makarin yana takura shi, ita kuma ta kafe cewa ba yaron da zai shiga fili ba tare da shi ba, ko da uban yaron ne ya roƙe ta. Sai mahaifiyar wani ɗan wasan, ma'aikaciyar jinya, wadda ta riga ni isa gare shi, ta durƙusa ta tallafe kansa da hannu biyu, ta hana kowa ɗaga shi har motar asibiti ta zo. Ni a lokacin ban da salati babu abin da bakina ke iya yi. Likitoci da ma'aikatan da suka yi masa aiki a daren, Allah Ya saka musu da alheri.

Yaron da ya jefo ƙwallon ya zo asibiti washegari tare da mahaifinsa, idanunsa sun kumbura don kuka. Na kama hannunsa na ce masa mu a wurinmu ƙaddara ce, ba shi da laifin komai. Uban ya kasa magana. Har yau muna gaisawa.

Mako shida yaron nan yana rayuwa a kan abin da zai bi ta tsinken shan lemo. Matan 'yan uwanmu Hausawa na nan Sidni suka raba kwanaki a tsakaninsu: yau kunun gyaɗa, gobe romon kaza da aka tace, jibi fura da aka dama ta yi ruwa-ruwa. Iyayenmu da yayyenmu, kun san kanku. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya sa kada ku ga irin wannan a kan 'ya'yanku.

Amma wanda nake so in daɗe a kansa shi ne dattijon da ke rubuta makin kulob. Bature ne, ya haura shekara 80, ya fi shekara 40 yana zama a bakin fili duk Asabar da littafi da fensir. Ba danginmu ba ne, kafin wannan abin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Sai ga shi ranar wata Laraba ya hawo bas ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, da tsofaffin littattafan maki a cikin jakar leda. Daga ranar bai fasa Laraba ko ɗaya ba. Ya zauna a gefen kujerar yaron, ya buɗe littafi da takardunsa suka yi jaja-jaja don tsufa, yana bin layi da ɗan yatsa yana ba shi labari, yaron kuma ba bakin amsawa, sai dai ya rubuta tambaya a waya ya nuna masa.

A bakinsa na fahimci yadda tsanin wasan yake a garin nan. Sama da irin kulob ɗinmu na yaran unguwa akwai gasar manyan kulob-kulob na gundumomi, wadda aka fara tun 1893. Kulob 20 ne a cikinta yanzu, kowanne da rukuni biyar, daga na biyar a hau har na ɗaya, ga kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 16 da ake kira Green Shield. Daga rukuni na ɗaya ake zaɓen masu buga wa jiha, daga jiha a kai ga ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne manyan taurari ba sa yanke cibiya da kulob ɗinsu. Malamin makaranta ko mai gyaran famfo zai iya wayar gari Asabar ya ga ɗan wasan ƙasa ne zai jefo masa ƙwallo. A 2018, da aka dakatar da Steve Smith da David Warner daga buga wa ƙasa, kulob suka koma, ɗaya Sutherland ɗaya Randwick Petersham, har suka kara da juna a filin Coogee, jama'a suka yi dafifi.

Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na Don Bradman, shahararren mai bugu, da Bill O'Reilly, shahararren mai jifa, tun suna samarin ƙauye. Bowral, garin Bradman, ta kara da Wingello, garin O'Reilly, wasan Asabar biyu. Asabar ta farko Bradman, yana ɗan shekara 17, ya wuni yana dukan jifan O'Reilly har ya tara maki 234 ba a fitar da shi ba. Da aka dawo Asabar ta biyu, ƙwallon farko da O'Reilly ya jefo ta kwashe turakun da yake tsarewa a bayansa, aka fitar da shi. Dattijon yakan kai nan ya yi shiru, ya dubi yaron, sannan ya juya shafi. A 1926 Bradman ya shiga kulob ɗin St George, yana hawo jirgin ƙasa daga Bowral duk Asabar, tafiyar da ta haura kilomita 100, kuma a wasansa na farko ya ci 110 a kan Petersham.

A watan Janairu, da aka kwance wayar bakin, ya ce mu zo ya kai mu filin Hurstville, gidan St George, wanda ba shi da nisa da mu. Ba wasa a ranar. Muka tsaya a bakin shinge, ya nuna tsakiyar fili da sandarsa ya ce a nan O'Reilly ya yi kyaftin. Mutumin nan ya fitar da masu bugu fiye da 900 a gasar kulob kaɗai, amma dattijon ya ce a wurinsa ba wannan ne babban aikinsa ba. Yara biyu ya tarbiyyantar a filin nan. Ray Lindwall yana ƙarami yakan yi wasa a kan titin da O'Reilly ke bi in zai koma gida, don dai idonsa ya faɗa kansa, ya zo ya zama ɗaya daga cikin masu jifan ƙarfi da ƙasar ba ta manta da su ba. Arthur Morris kuwa a matsayin mai jifa ya shigo, yana bugu can a ƙarshen layi, O'Reilly ya hango abin da wasu ba su gani ba ya matso da shi gaba har ya zama mai buɗe bugu. Su biyun suna cikin tawagar 1948 da ta zagaya Ingila ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ni ma na yarda da dattijon a kan wannan. Makin mutum nasa ne shi kaɗai, yaran da ya tsaya wa kuwa har yau ana cin moriyarsu. Ya kuma nuna mana rumfar da ke ɗauke da sunan Brian Booth, malamin makaranta, mai riƙo da addininsa na Kirista, wanda ya yi wa ƙasa wasan hoki a gasar Olamfik ta 1956 sannan ya jagoranci tawagar kurket a wasa biyu. Ya rasu a 2023. Dattijon ya cire hularsa da ya ambace shi.

A hanyar dawowa yaron ya tambaye shi, da muryar da ba ta gama warwarewa ba, ko akwai irinmu a cikin waɗannan sunaye. Ya ce masa akwai Usman Khawaja, haifaffen Islamabad, wanda ya taso a nan Sidni ya bi ta Randwick Petersham, ya zama Musulmi na farko da ya buga wa Ostireliya a Janairun 2011. Yaron bai ce komai ba har muka isa gida.

Mai ɗakina ta riga ta ɓoye jakar wasan a saman kwaba tun daren asibiti, ta ce kurket ya ƙare a gidan nan, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce. Ban matsa mata ba, shi ma bai roƙe ta ba. Wata safiya a watan Fabrairu muka tashi muka tarar da jakar a bakin ƙofa, an wanke fararen kayan an goge, ga sabuwar hular kwano a kai da ta saya da kuɗinta. Hajiya, ke kika fi kowa shan wahalar wannan jinya, kuma ke kika yi abin da ya fi wuya. Allah Ya biya ki.

Ranar da ya koma fili, ƙwallon farko ta taso masa kamar waccan. Ya sunkuya ta wuce. Ya ci maki 11 kafin a fitar da shi, dattijon ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashi.

Walimar rufe kaka ta faɗo a cikin azumi. Mu uku ne kawai iyalai Musulmi a kulob ɗin, kuma ba mu nemi komai ba, amma shugabannin suka ɗage cin abinci har faɗuwar rana, suka aika Lakemba, unguwar da Musulmi ke da yawa, aka sayo naman halal, aka share mana ɗakin canja kaya muka yi magariba. Na gode musu. Na gode wa kociyan da ya riƙa jefa masa ƙwallo mai laushi a cikin raga mako bayan mako har tsoron ya sake shi, da mai kula da fili da ke fitowa tun asuba ya yaye tamfol ya bi ƙasa da abin daddaɓewa, da iyayen da ke yanka lemo suna dafa shayi ba wanda ke biyansu ko sisi. 'Yan uwa na gida da kuka yi ta kira kuna sa mu a addu'a, har da waɗanda suka yi sadaka a madadinmu, saƙonku duk ya iso.

A ƙarshen walimar dattijon ya ja ni gefe ya ce idanunsa sun fara gajiya, lambobi suna haɗe masa, yana so in zauna kusa da shi kaka mai zuwa in koyi rubuta maki. Na amsa masa. Ya ba ni littafi ɗaya da fensir biyu in fara gwadawa a gida. Wata mai kamawa za a yi masa aikin ido, kuma ni zan kai shi asibiti in dawo da shi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya mu fatan Allah Ya sa a yi a sa'a.